Kira ga Hukumomi Kan Jinkirin Samar da Manhaja a Ma'aikatun Gwamnati da Rundunonin Tsaro

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa kuma Babban Kwamandan Askarawan Tarayyar Najeriya. Da Masu Girma Ministan Tsaro, da Ministan Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arziƙin Zamani, da Ministan Kuɗi, da Ministan Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziƙi. Da shugabannin Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Da sauran shugabannin hukumomi da zan ambata a inda maganarsu ta zo.

Ina neman izini in gabatar da koke a kan wani al'amari da ba a cika kawo shi gabanku ba, saboda ana ganin maganar masu kwamfuta ce kawai. Ranku ya daɗe, ta wuce nan. Albashin ma'aikaci, da fanshon tsohon soja, da fasfon maniyyaci, da sakamakon jarrabawar ɗalibi, da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, har lissafin man jirgin yaƙi da kayan da ake kaiwa bakin daga, duk a yau a kan manhaja suke tafiya. Talakan da ya biya kuɗin mota tun daga ƙauyensu, ya wuni a layi, aka ce masa "babu netwok, ka dawo gobe", bai san wata manhaja ba. Sunan gwamnati yake ambata a hanyarsa ta komawa gida.

Adalci ne a fara da yabo. Tsarin biyan albashi na IPPIS da aka soma a 2007, da tsarin sarrafa kuɗin gwamnati na GIFMIS da ya fara aiki a 2012, da asusun bai-ɗaya na TSA da aka tabbatar a 2015, da komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta, duk sun nuna cewa gwamnati tana iya wannan aiki idan ta sa kanta. An sa hannu a dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha a 2022, da dokar kare bayanan jama'a a 2023. Ga kuma 'ya'yan ƙasar nan da suka gina kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave da Moniepoint, waɗanda miliyoyin mutane suke hada-hadar kuɗi da su kullum, suna gyara manhajarsu suna sabunta ta ba tare da mai ciniki ya ji an taɓa komai ba. Basira dai akwai ta. Abin da yake ɗaure aikin a ma'aikatu shi ne ƙa'idojin saye, da na kasafi, da na ɗaukar ma'aikata, da na ba da izini. Dukkansu kuwa mutane suka rubuta, kuma alƙalamin gyaransu yana hannunku.

Ya Babban Daraktan Hukumar Kula da Ba da Kwangiloli ta BPP, daga kanku zan fara, domin a nan igiyar ta fi tsukewa. Har yanzu ana sayen manhaja da tsarin da ake ba da kwangilar titi. Ma'aikata za ta zauna ta rubuta duk abin da take so daga farko har ƙarshe, a buga tanda, a tace, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da mafi ƙarancin farashi, ya tafi ya yi shekara biyu ko uku, ya dawo ya miƙa aiki a yi biki. Kafin ranar bikin doka ta canja, babban sakataren da ya san buƙatar ya yi ritaya, abin da aka rubuta a takarda ya daina dacewa da abin da ake yi a ofis. Wannan hanya ta kayar da waɗanda suka fi mu kuɗi. Rundunar Sojan Saman Amurka ta kashe sama da dala biliyan 1 a kan manhajar sarrafa kayan aiki ta ECSS, sannan ta soke ta a 2012 ba a ci moriyar kirki ba. Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocinta a 2002, ta rushe shi a 2011, an ƙiyasta abin da ya ci da kusan fam biliyan 10. Da suka sha wuya sai suka sauya hanya. A 2014 Birtaniya ta hana ba da kwangilar fasahar sadarwa da ta wuce fam miliyan 100 sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ta kuma hana sabunta kwangila haka kawai don wa'adinta ya cika. A Oktoban 2020 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da hanyar saye ta musamman don manhaja, wadda ta shardanta cewa cikin shekara guda da fara kashe kuɗi dole wani abu mai aiki ya isa hannun masu amfani da shi. Roƙona shi ne hukumarku ta yi amfani da ikon da dokar ba da kwangiloli ta 2007 ta ba ta na tsara ƙa'idoji da takardun tanda, ta fitar da na manhaja daban. A riƙa gutsura babban aiki ƙanana-ƙanana, a gwada kamfani biyu ko uku a kan ƙaramin yanki kafin a zaɓi ɗaya, kuma a daina biyan kuɗi a kan tarin rahoto. A biya a kan abin da aka kunna ya yi aiki a gaban ma'aikacin da zai riƙe shi.

Ya Masu Girma Ministan Kuɗi da Ministan Kasafi, da shugabannin kwamitocin kasafi na majalisu biyu, kasafin kuɗinmu gida biyu ya sani, na manyan ayyuka da na ayyukan yau da kullum, manhaja kuwa a tsakaninsu take faɗuwa. Ana samun kuɗin gina ta a matsayin babban aiki, shekara ta zagayo a nemi na kula da ita a rasa, lasisi ya ƙare, ɗan kwangila ya janye yaransa, bayan shekara uku a kawo sabon ƙudurin gina wata daga tushe. Manhaja gona ce. Wanda ya share ya shuka, sannan ya ce ya gama ba zai sake leƙawa ba, ciyawa zai girba. Kullum ana gano ɓaraka da masu kutse za su iya bi, kullum dokar haraji ko ta albashi tana sauyawa, wayoyin da ke hannun jama'a ma suna sauyawa. Tun kasafin 2021 majalisar Amurka ta amince da gwajin ware wa wasu ayyukan manhaja na tsaro layi guda a kasafi, wanda ya haɗa ginawa da gyara da kulawa. Ina roƙon ku buɗe irin wannan layi ga manyan manhajojin gwamnati, ku ba shi tabbacin shekara uku a jere, kuma a riƙa sakin kuɗinsa a kan kari. Tawagar da aka bari wata shida babu biya watsewa take yi, abin da ta sani kuma ya tafi da ita.

Ya Mai Girma Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Tarayya, akwai abin da ake sakaci da shi a rubutun yarjejeniya. Sau da yawa gwamnati tana biyan kuɗin manhaja, amma asalin rubutun da aka gina ta da shi yana hannun kamfani, wani lokaci har da mabuɗan rumbun bayanan. Daga nan ko gyaran layi ɗaya ake so sai an koma masa, a farashinsa, a lokacin da ya ga dama. A sa sharaɗi a kowace kwangila cewa duk abin da aka rubuta da kuɗin jama'a mallakar jama'a ne, a riƙa ajiye shi a ma'ajiyar gwamnati tun ranar farko, kamfanin fasaha na gwamnati, Galaxy Backbone, ya riƙe amanar, domin wata ma'aikata ta ɗauka ta ɗora a kai maimakon ta sake biya. Da haka ne umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 da mai lamba 005 na 2018, waɗanda suka fifita ƙwararrun gida, za su yi tasiri, domin ƙaramin kamfani na Kano ko Inugu ba zai iya neman aikin gyaran abin da aka kulle masa ba.

Ya Shugaban Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, ko an gyara duk waɗannan, aiki ba zai yi sauri ba matuƙar babu wanda ya san sana'ar a ɓangaren gwamnati. Matashin da ya ƙware a rubuta manhaja yana duba albashin matakin da za a ɗauke shi, ya duba abin da banki ko kamfanin waje zai ba shi yana zaune a ɗakinsa, sai ya wuce. Ma'aikata ta wayi gari ba ta da mai iya buɗe aikin ɗan kwangila ya ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin rajistar inshorar lafiya wanda kamfanoni da dama suka yi shekaru suna ginawa, mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. 'Yan ƙwararru kaɗan da aka gayyato aka ba su iko su suka tayar da shi cikin makonni, kuma darasin ne ya sa aka kafa sashen ƙwararru na musamman a Fadar White House a 2014. Birtaniya ta riga ta kafa nata tun 2011. Ina roƙon ofishinku, tare da Hukumar Albashi ta Ƙasa, ku fitar da tsani na musamman ga injiniyoyin manhaja, da damar ɗaukar gogaggu na wa'adin shekara biyu ko uku a kan albashin da ya kusanci na kasuwa. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 da aka fara a 2023 abin yabo ne, to a buɗe wa zakarun cikinsu ƙofar shiga aikin gwamnati. Sannan kowace babbar manhaja ta samu jami'i guda, sananne da suna, mai ikon cewa e ko a'a a wuni ɗaya, ba sai fayil ya zaga ofis bakwai ba, kuma kada a ɗauke shi daga kujerar ana tsakiyar aiki.

Na san abin da mai hankali zai ce a nan, ranku ya daɗe: gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma bayanan gwamnati ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne. Amma a harkar manhaja babban haɗari yana tattare da babban sauyin da aka tara na shekara guda aka sake shi rana ɗaya. Ƙaramin gyara da ake yi a kai a kai, ana gwada shi da na'ura kafin ya fita, ana iya janye shi cikin mintuna idan ya kawo matsala, shi ya fi aminci. A Mayun 2025 Magatakardan JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa kuskuren na'ura ya shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Bayanin da aka yi shi ne gyaran da aka yi wa manhajar bai isa wasu daga cikin na'urorin ba. Ya cancanci jinjina da bai ɓoye ba, kuma abin da ya faru izina ne ga kowace hukuma. Saboda haka, ya Babban Daraktan hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, tantance ayyukan fasaha da hukumarku take yi kafin ma'aikatu su kashe kuɗi abu ne mai kyau, a ƙarfafa shi, amma a yanka masa wa'adin kwanaki da kowa ya sani. Ku haɗa kai da Galaxy Backbone ku gina dandali guda da aka riga aka tabbatar da tsaronsa, mai gwada kowane gyara da kansa, ta yadda duk wanda ya gina a kansa ba sai ya sake bin layin neman izini daga farko ba. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta amince da irin wannan izini mai ɗorewa a 2022, ita da take da tarin sirri.

Ya Mai Girma Ministan Tsaro, da Babban Hafsan Tsaro, da hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, a wajenku jinkiri rai yake ci, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. A 2016 wata tawagar masu ba Ma'aikatar Tsaron Amurka shawara, ƙarƙashin Eric Schmidt na kamfanin Google, ta ziyarci cibiyar sarrafa yaƙin sama da ke sansanin Al Udeid a ƙasar Katar. Sai suka tarar da hafsoshi suna tsara yadda jirage za su sha mai a sararin sama a kan farin allo, da alƙalami da maganaɗisu, suna ɓata sa'o'i kullum, alhali akwai babbar kwangilar sabunta manhajar cibiyar da ta yi shekaru ba ta haifar da komai ba. Aka haɗa 'yan sojoji kaɗan da injiniyoyi farar hula, suka zauna da masu aikin, cikin 'yan watanni suka fitar da manhajar da ta rage aikin ƙwarai ta kuma rage asarar mai. A 2017 aka soke waccan babbar kwangila, ƙaramar tawagar kuma ta zama sashen Kessel Run da ke Boston. A Yukren ma manhajar Delta, wadda take tattara abin da jirage marasa matuƙa da sojoji suka gani a taswira guda, daga hannun 'yan sa-kai ta faro kafin ma'aikatar tsaro ta rungume ta, gwamnati ta amince da amfani da ita a rundunoni a Fabrairun 2023, kuma ana gyara ta ne daidai da abin da sojan bakin daga ya faɗa. Abokan gabarmu a yankin Tafkin Chadi sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa da ake saya a kasuwa, suna sauya dabara cikin makonni. Rundunar da za ta jira kasafin baɗi kafin ta gyara manhajarta tana ba su rata. Muna da tubalin ginawa. A Kaduna kaɗai akwai Kwalejin Horar da Hafsoshi ta NDA, da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama ta AFIT, da masana'antar kayan yaƙi ta DICON da aka kafa a 1964 aka sabunta dokarta a 2023, kuma a garin ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi na Tsaigumi a Fabrairun 2018. Ina roƙon ku kafa sashen rubuta manhaja na haɗin gwiwar rundunonin uku, sojoji da farar hula a ɗaki guda. Kada su fara da abin burgewa. Su fara da lissafin mai, da kayan gyaran motoci da jirage, da abinci, da alawus ɗin sojan da ke daji, da bayanan waɗanda suka ji rauni, da haƙƙin iyalan waɗanda suka rasu. A riƙa kai su Maiduguri da Gusau su ga yadda ake amfani da abin da suka rubuta. Kuma a ba su hanyar ƙarin girma a cikin sana'arsu, domin hafsan da ya yi shekara biyu yana koyo, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ba ya taɓa kwamfuta, an yi asarar horonsa.

Ya Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro, kowace runduna da kowace hukumar tsaro tana sayen nata tsarin daga inda ta ga dama, har a wayi gari na'urar wannan ba ta jin maganar ta wancan, labarin da ya kamata ya isa cikin daƙiƙa sai an buga waya ko an aika takarda. Ofishinku ne kaɗai yake da tsayin da zai shimfiɗa ƙa'ida guda ta musayar bayanai, ya ce duk abin da za a saya daga yau dole ya bi ta. A kuma bambance abin da yake sirri na gaskiya da wanda ba shi ba, domin idan aka buga wa komai hatimin sirri, har manhajar rabon takalma, ƙwararrun gida ba za su samu shiga su taimaka ba.

Wannan ciwo yana ɓangaren farar hula ma. Ɗan ƙasa ya dangwala yatsunsa wajen NIN, da BVN, da katin zaɓe, da lasisin tuƙi, da fasfo, da rajistar layin waya, kuma harafi ɗaya da ya saɓa a sunansa yana iya tsayar masa da fansho na watanni. Istoniya ta kafa hanyar musayar bayanai ta X-Road tun 2001, ta ɗora aikinta a kan cewa gwamnati ba za ta tambayi mutum abu ɗaya sau biyu ba. Ya Mai Girma Ministan Sadarwa, da shugabannin NIMC da Hukumar Kare Bayanai, ku kammala irin wannan hanya, da kariyar da dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada, yadda gyaran da aka yi a wuri ɗaya zai isa sauran wurare. Ku kuma shardanta cewa ba za a karɓi manhajar da jama'a za su yi amfani da ita ba sai an gwada ta nesa da Abuja, a sakatariyar ƙaramar hukuma inda wuta take ɗaukewa sabis yake rawa, a kan ƙaramar waya, da harshen da mutanen wurin suke ji. Abin da bai yi aiki a Illela ko Gwoza ba, ba a gama shi ba.

Ya Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, da shugabannin kwamitocin bin diddigin asusun gwamnati, akwai tsoron da yake hana jami'i na gari dakatar da aikin da ya ga ba zai kai ba. Ya san idan ya tsayar za a tambaye shi kuɗin da aka riga aka kashe, idan kuwa ya bari aka ci gaba har aka yi bikin miƙawa babu mai tuhumarsa, ko da ba a taɓa kunna abin ba. Ina roƙon ku fitar da jagora da ta bambance almundahana da ƙaramin gwajin da aka dakatar da wuri bisa hujja a rubuce. Na farko a hukunta shi ba sassauci, na biyu a ɗauke shi tattalin dukiyar jama'a. A madadin wannan sassauci, a wajabta wa kowace ma'aikatar farar hula ta riƙa wallafa jerin manyan ayyukanta na manhaja duk wata uku: nawa aka ware, nawa aka kashe, wa yake riƙe da aikin, yaushe aka yi alkawari, mutum nawa suke amfani da shi yau. Na tsaro kuma a gabatar wa kwamitocin majalisa a zaman sirri.

Ya Mai Girma Shugaban Ƙasa, mafi yawan abin da na roƙa ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Umarni guda daga teburinku ya isa ya tara waɗannan ofisoshi wuri ɗaya. Ina roƙon ku zaɓi ayyuka uku ko huɗu da suka fi taɓa rayuwar jama'a, kamar gyaran bayanan NIN, da tantance 'yan fansho, da biyan haƙƙin iyalan sojojin da suka kwanta dama, ku ɗora kowanne a wuyan jami'i guda, ku ba shi tawaga da kuɗi da sassaucin ƙa'idar da na ambata, ku ce cikin wata shida ya zo gabanku ya kunna abin da ya gina, a gaban ma'aikacin da zai yi aiki da shi da ɗan ƙasar da aka yi dominsa. Wanda ya cika a faɗaɗa masa, wanda ya kasa a ji dalili a sauya.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora a kan amanar da ya ɗora muku.

Wassalam.
Naku cikin girmamawa, ɗan ƙasa mai fatan alheri.